Haujarin Raƙumi

Da za a ce in zaɓi abu ɗaya cikin abubuwan da hannuna ya aikata a mayar da shi kamar ba a yi ba, ba zan tsaya tunani ba. Na kashe taguwar kawuna, wato raƙumarsa. Ban doke ta ba, ban bar ta da ƙishirwa ba, ban yi sakaci da ita ba ko na yini guda. Ciyar da ita na yi har ta mutu, kuma duk kwanakin da nake yin haka gani nake babu saurayin da ya kai ni ƙoƙari a garinmu. Yanzu na tsufa, idona ya rage, karatun bokon da na yi kuwa na ajin yaƙi da jahilci ne, wanda na shiga da furfura a gemuna. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya yi mini uzuri.

Abin da ya tayar mini da maganar shi ne bara an sare duhuwar ƙarshe da ta rage gabas da garinmu, an baje surin da ke tsakiyarta an shuka gyaɗa. Na je na tsaya a wurin, na duba gabas na duba yamma, ba abin da ya tare mini ido sai gonaki da ƙurar manyan motocin da ke zuwa kasuwar Maigatari. A da, tsakanin garinmu da Gumel daji ne wanda mutum ba ya shiga shi kaɗai in rana ta karkata. Da safe kukan zabin daji ke tashe ka, sai ƙarar guga a rijiya, sai kuma luguden mata ya ɗauka daga wannan gida zuwa wancan har garin ya zama kamar ana kiɗa. Yanzu rediyo ke tashe mu, da injin niƙa. Yaran da ke wucewa ta ƙofar gidana sun san sunan kowace irin mota tun daga kukanta, amma in ka tsinko ganye ka nuna musu sai su ce ciyawa ce.

Mu a zamaninmu wanda bai san itatuwa ba ba a sa shi cikin masu hankali. Akwai wasu ’yan itatuwa da ba sa yarda su bushe kome zafin rani, kuma in ka dubi furensu, fari mai zare-zare kamar gemun tsoho, za ka gane dangin juna ne. Akwai hanza, gajeruwa mai kaurin ganye, wadda wasu ke ce wa anza, in kuma ka je wajen Gagarawa ka ce anza wani sai ya nuna maka wata daban mai siririn ganye, ya rantse maka ita ce. Akwai jiga, wadda dabbobi ke so. Sai haujari, mai hawa kan sauran itatuwa, ƙayarsa a lanƙwashe kamar farcen kyanwa. Shi haujari iri biyu ne. Ɗaya ganyensa sumul, ’ya’yansa ƙanana, ana dafa ganyen a ci in an matsu. Ɗayan ganyensa da gashi-gashi in ka murza, ’ya’yansa manya, ya fi son fitowa a kan suri. Wannan na biyun mu ƙabdodo muke ce masa, kuma tun muna yara aka hana mu kai shi baki. Iyakar abin da na sani a kansa ke nan, mutum ba ya ci. Mu manoma ne masu jaki da awaki. Raƙumi sai dai mu gan shi ya wuce da kayan kanwa.

Ina da jika wanda ya yi makarantar malaman daji. Ran nan ya zo gaishe ni yake ce mini su a karatunsu kowane itace yana da dogon suna na wani tsohon yaren Turawa, don kada a riƙa rikicewa irin yadda muke yi. Na ce masa, “To ku ba kwa rikicewa ke nan?” Ya yi dariya ya ce, “Kaka, mu ma muna yi. Itace ɗaya sai ka ji wani malami ya kira shi da suna, wani ya ce a’a an sake masa. Haujarin nan ma sau da yawa sai an kawo ganyen an murza kafin a daina musu.” Na ce ya faɗa mini na ƙabdodo, ya faɗa, harshena ya kasa juya shi. Na tambaye shi ko sunan yana nuna ana ci ko ba a ci. Ya ce a’a, ma’anarsa dai mai gashi a ganye. Ban taɓa ba shi labarin da zan bayar yanzu ba.

A shekarar da nake magana a kai gemu bai fito mini ba, amma na isa riƙe gona. Turawa ba su daɗe da zuwa ba, iyakar nan kuwa labarinta kawai muke ji, mutum ya wuce Maigatari ya shiga ƙasar Damagaram ba mai tsayar da shi. Ruwa ya ɗauke gero yana iya gwiwa, bai ƙara dawowa ba. Rumbuna suka ƙare tun kafin sanyi ya fita. Aka ci dusa, aka sussuke ƙarangiya aka ci ƙwayarta, aka haƙa ramukan tururuwa aka ƙwace abin da suka tara. Abin da ba na mantawa shi ne ranar da na farka na ji garin ya yi wani iri, na daɗe ina sauraro kafin in gane turmi ne babu inda yake tashi. Daga nan aka koma kan hanza. ’Ya’yanta ɗaci ne da su wanda ba a iya haɗiyewa, sai an fasa an jiƙa ƙwayar, ana zubar da ruwan ana sake wani kwana da kwanaki, sannan a dafa. Rijiyarmu kuwa ta yi nisa har in ka saki guga sai ka ƙosa kafin ka ji ya taɓa ruwa. Ni ke jan ruwan, kakata, wadda muke ce wa Iya, ita ke jiƙon.

Mutane suka fara tashi suna yin kudu, inda aka ce bakin kogi akwai sauran hatsi. Mu ba mu da halin tashi. Baba kurkunu, tsutsar nan mai fitowa ta fata, ta kama shi a ƙafafu biyu, ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, ƙafafun sun kumbura ko bakin zaure sai da jan gindi yake zuwa. Mutum ne dogo mai ƙashi, ba a goya shi. Jakinmu ya riga ya mutu. Muka zauna mu huɗu, ni da Baba da Iya da mahaifiyata, muna kallon gidajen maƙwabta ana jingine musu ƙaya a ƙofa ɗaya bayan ɗaya.

Dole in yi bayani a kan mahaifiyata, don yaran yanzu ba za su gane ba. Inna mutumiyar arewa ce, daga ƙasar Damagaram aka auro ta, cikin raƙuma ta tashi. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kiran sunana, ba ta duban idona, ba ta zama inda nake zaune. In tana son in yi abu sai ta faɗa wa iska, “A ce wa wancan ya ɗebo ruwa,” ko da kuwa ba kowa a tsakar gidan sai ni da ita. Ni ma haka na tashi, in na gan ta tafe sai in sake hanya. Ba ƙiyayya ba ce. Iya ta sha gaya mini cewa in zazzaɓi ya kama ni, Inna ba ta iya cin abinci, amma ba za ta leƙo ɗakin ba. Haka ake yi, kuma macen da ta fi kowa kiyayewa ita ake yabo. Iya ce ta rene ni, ita nake wa tsiwa, ita ke ce mini mijinta.

Ana cikin zafin bazara sai ga Kawu, wan Inna, ya iso daga arewa da raƙuma biyu. Can ma yunwar ta kore su. Raƙumi ɗaya na ɗauke da matarsa mai tsohon ciki da ’ya’yansa ƙanana, ɗayar kuwa taguwa ce, ba komai a bayanta, tozonta ya kwanta gefe kamar tsohuwar hula. Ya dube ni ya ce, “Kai ne ka yi tsawo haka? Yunwar ba ta hana ka miƙewa ba, kauri kawai ta hana ka.” Ya shiga zaure ya ga ƙafafun Baba. Da ya fito sai ya miƙa mini akalar taguwar.

Ya ce, “Wannan ba za ta ɗauki mutum yau ba, amma tana da sauran ƙarfi. Ta huta zuwa tsayuwar wata. Ka nema mata ganye, ga kanwa ka riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. In ta miƙe ka ɗora babanka, ku biyo ni bakin kogi wajen Haɗeja, ina da mai masauki a can. Ni ba zan iya jira ba, ka ga halin da matar nan ke ciki. Ka dai san itatuwa ko?”

Iya ta ce, “Wa? Mijin nan nawa? Ai ba abin da bai sani ba in ban da hanyar gona.”

Aka yi dariya, irin wadda aka daɗe ba a yi ba a gidan. Ni kuwa abin ya sosa mini rai, na ce, “Kawu, babu itacen da ban sani ba a dajin nan.”

Ya riga ya ja akalar ɗaya raƙumin ya fara tafiya. Ya waiwayo ya ce, “To madalla. Jiga in ka samu. Ka kula da haujarin raƙumi fa, na gan shi da yawa a ƙasar nan taku.”

Na ce to. Ban taɓa jin wannan suna ba, amma yanzun nan na gama cika baki a gaban mutane. Da yamma na sami Iya tana tsiyaye ruwan hanza, na tambaye ta kamar da wasa ko ta san haujarin raƙumi. Ta ce, “Haujarin mutane dai na sani, shi ne wanda kake yatsina fuska in na dafa maka, mara godiya. Na raƙumi kuwa ina jin ƙabdodo ’yan arewa ke ce wa haka. Yaren su uwarka ne, ga ta can bakin murhu, je ka tambaye ta.” Na dubi Inna ta gefen ido. Tsakanina da ita bai wuce tsawon tabarma ba. Amma ban je ba. Sai na zauna na yi wa kaina lissafi: haujarin mutane shi ne wanda mutane ke ci, to na raƙumi shi ne wanda raƙumi ke ci. Shi ya sa ma aka hana mu, abincin wani ne. Kawu ya ce jiga, ya ce haujari, ya ce in kula, ya ce akwai shi da yawa. Na ga maganar ta fito sarai, har na ji daɗin kaifin hankalina.

Jiga ta riga ta ƙare, mutane da awaki sun tsige ta har inda hannu ke kaiwa. Amma ƙabdodo na nan kore shar a kan surin duhuwar gabas, ba wanda ya taɓa shi. Kullum da sassafe sai in ja taguwa can, ban gaya wa kowa wurin ba don kada masu awaki su riga ni. Ranar farko ta sunsuna ta kau da kai. Na ce ƙaya ce ta dame ta. Na zauna na tsige ganyen ɗaya-ɗaya, ƙayar na yaga mini yatsu, na tara a ƙwarya, na barbaɗa kanwar da Kawu ya bari, na kai mata har baki. Dabba ce mai yunwa, ta ci. Washegari ta ci fiye da haka. Ina zaune a inuwa ina kallon tana tuƙa, ina lissafin yadda zan shiga gaban mutane a bakin kogi ina jan ubana a kan raƙumi. In na dawo da la’asar sai in tarar da Baba a bakin zaure yana tufkar igiyar da za a ɗaure shi da ita a kan taguwar. Ya ce, “Yaya mutuniyar?” In ce, “Tana ci, Baba.” Ya ce, “Allah ya yi maka albarka.”

Wata bai kai ga tsayawa ba ƙafafunta na baya suka fara rawa. Na ce gajiya ce ke fita, na ƙara mata ganye. Wata rana da hantsi na ga ba ta iya tafiya sosai, na lallaɓa na jawo ta gida. Tana isowa ƙofa ta gurfana ba wanda ya ce ta gurfana, wuyanta ya karkace gefe ɗaya kamar lauje, ta kasa miƙe shi. Inna ta fito da ƙwarya a hannu za ta zubar da ruwan hanza. Tana ganin wuyan nan ta saki ƙwaryar. Ta juyo ta dube ni tsakiyar ido, ta kira sunana. Ba ta taɓa yi ba kafin ranar, ba ta kuma ƙara ba har ta bar duniya.

Ta ce, “Me kake ba ta?”

Na ce, “Abin da Kawu ya ce.”

“Me ya ce?”

“Haujarin raƙumi.”

Ta zauna a ƙasa nan inda take tsaye. Ta ce, “Ba don yana ci ake ce masa haka ba. Don yana kashe shi ne. Ko yaron da aka yaye jiya a garinmu ya san wannan. Me ya hana ka tambaya?”

Iya ce ta amsa daga bayan darni, ta ce, “Abin da ya hana ki tambayarsa inda yake kai ta kullum. Ni ma da na tura shi wurinki ai na san ba zai je ba. Ku tashi a nemo tsamiya.”

Aka ɗura mata ruwan tsamiya, aka ɗura na kanwa, Inna ta yi duk abin da ta ga ana yi a garinsu. Kafin azahar taguwa ta kwanta da gefe. Liman ya zo ya duba ya ce a yanka kafin ta zama mushe, a halin da ake ciki ba a barin nama ya lalace. Inna ta ce a binne kayan cikin kada kowa ya taɓa. Aka yanka ta a ƙofar gidanmu. Duk wanda ya rage a garin ya fito da ƙwarya, har waɗanda na zaci sun mutu a ɗaki. Ranar hayaƙi ya tashi a kowane gida, yara suka yi ta guje-guje da ƙashi a hannu. Wani tsoho maƙwabcinmu ya kama hannuna biyu yana hawaye ya ce, “Yaro, ka cece mu, Allah ya cece ka.” Bai san komai ba, shi dai ya ji an ce taguwata ce.

Naman nan ya ba su ƙarfin ƙafa. Suka yanyana sauran suka shanya, da ya bushe suka ƙulla a tsumma suka kama hanyar kudu, gida bayan gida. Garin ya rage mu, da Liman wanda tsufa ya hana shi tafiya, da wasu tsofaffin mata. Na ce zan goya Baba. Muka gwada da sanyin safiya, na kai shi har gonar ƙarshe ta bakin gari, ƙafafunsa na jan ƙasa yana cije leɓe, a nan gwiwata ta sage muka faɗi tare. Komowa da shi gida ta ci mana rabin yini. Na ce a ɗaure kara a yi gado ni da Inna mu ɗauka, ya ce ba za a sa shi a makara yana da rai ba. Ya ce mu tafi mu bar shi da Iya. Inna ta faɗa wa bango cewa ita ba inda za ta.

Haka muka zauna. Gabas daji, yamma daji, kudu hanya ce a buɗe wadda kowa ya bi ban da mu. Da safe in ja ruwa har tafin hannuna ya tsage, Iya ta jiƙa hanza, Inna ta dafa wadda ta daina ɗaci, mu ci, cikinmu ya yi ta murɗa. Rana ta fito, rana ta faɗi. Ko kare babu a garin da zai yi haushi. Baba ya ji duk abin da aka faɗa a ƙofar gida ranar nan, zauren ba shi da nisa, amma bai taɓa tayar mini da maganar ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Sai ya fara cewa ya ƙoshi. In an kai masa ƙwarya ya ɗan taɓa ya turo mini, ya ce mai jan ruwa ya fi mai kwanciya bukata. Iya ta yi masa faɗa irin na uwa, ta ce ba ta haife shi don ta binne shi ba. Ya yi murmushi ya ce shi dai ya ƙoshi. Ya rasu hadari ya fara haɗuwa a gabas. Ni da Liman muka haƙa kabarin, muna yi muna hutawa. Ba a daɗe ba ruwa ya sauka.

Kawu ya dawo ciyawa ta rufe ƙasa, da ɗan hatsi a bayan raƙuminsa. Ashe tun tsayuwar watan nan kullum sai ya fita bakin hanya ya tsaya yana duban arewa, duk ayarin da ya iso ya tambaya ko sun ga saurayi na jan taguwa da mara lafiya a kai. Ya shiga wurin ƙanwarsa ya yi ta’aziyya, suka daɗe. Da ya fito ya same ni a gindin turken da ba komai.

Ya ce, “Ban ce ka kula da shi ba?”

Na ce, “Na kula, Kawu. Kullum sai na je na tsigo mata. Har ƙayar nake cirewa.”

Ya dube ni. Sai ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska, na ga kafaɗunsa na motsi. Can ya ce, “Ni na gajarta magana. Sauri nake yi.” Bai taɓa neman a biya shi taguwarsa ba, ya kuma riƙe mu har muka ga sabon gero. Kowa a gidan ya ɗauki nasa kason na laifin don ya rage mini, amma na san hannun da ya tsige ganyen.

Roƙona ga wanda ya karanta wannan, yaro ne ko babba, na allo ne ko na boko, kada ya yi irin nawa. In an faɗa maka sunan abu, sunan bai gaya maka abin da za ka yi da shi ba, ko na Hausa ne ko na Turawa. Kada ka ƙarasa wa mai magana maganarsa a cikin ranka don gudun a ce ba ka sani ba. Ka tsayar da shi, ko da ya riga ya juya baya ya kama hanya, ko da mutane na kallo za su yi maka dariya, ka ce masa: in ba ta, ko in hana ta?